Kujeru wayam a filin wasa: laifin magoya baya ne in an ɗauke musu ƙungiya?

Sadiq Gunners: Salamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da take ta cin raina ina so mu tattauna. Sau da yawa in ana nuna wasa sai kaga kyamara ta haska wani ɓangare na fili kujeru wayam babu kowa, amma ranar da mai ƙungiya yace zai ɗauke ta ya kai wani gari sai kaga an fito da kwalaye ana zanga-zanga ana kuka wai an ci amanarsu. Toh ina kuke lokacin da ake buga wasan? Ni a ganina wanda bai sayi tikiti ya shiga ba bashi da bakin magana in an tashi da ƙungiyar. Mutum ya zuba kuɗinsa yana biyan 'yan wasa albashi, fili ba kowa, don me zai zauna?

Nura Blues: Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai bane oga Sadiq, nima ra'ayina kenan. Ƙwallo yanzu kasuwanci ce, inda masu saye suke nan ake kai kaya.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Sadiq ƙanina tambayarka tana da kyau, amma ka ɗora ta a kan wani abu da sai an duba shi tukuna, wato cewa rashin 'yan kallo ne yake sa a ɗauke ƙungiya. Mu je inda abin ya fi yawa, Amurka, gasar NFL ta ƙwallon nan tasu mai hular kwano. A ƙarshen 1995 Art Modell mai ƙungiyar Cleveland Browns ya sanar zai koma Baltimore, alhali mutanen Cleveland suna cikin waɗanda suka fi kowa zuwa kallo, wajen mutum 70,000 ke shiga wasa ɗaya cikin sanyi da dusar ƙanƙara, a tsohon fili da aka gina tun farkon shekarun 1930. Ba mutane ya rasa ba. Bashi ne ya yi masa katutu, Baltimore kuma ta yi masa alkawarin sabon fili da kuɗin jama'a, shikenan ya tattara a 1996 ya koma can aka sa wa ƙungiyar suna Ravens. Ka gaya min me mutanen Cleveland suka gaza yi a nan.

Sadiq Gunners: Malam wannan ai guda ɗaya ce. Ba za a ɗauki misali ɗaya a yanke hukunci ba.

Malam Bashir: Toh bari mu bar misali mu shiga lissafi. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da kuɗinta ya haura dala biliyan 100, kuma raba kuɗin ake daidai tsakanin ƙungiyoyi 32, da ta ɗaya da ta kashin baya duk ɗaya. Green Bay Packers ita kaɗai ce take buɗe littafin kuɗinta kowa ya gani saboda ta jama'a ce, daga nan ake sanin cewa kason kowace ƙungiya yanzu ya wuce dala miliyan 400 a shekara tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Kuma wasa 8 ko 9 kawai kowa yake bugawa a gida a kaka. Don haka ko rabin fili ya zama fanko mai ƙungiya ba zai yi asara ba. Abin da yake nema shine sabon fili mai ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kama haya da tsada, da kuɗin sa wa fili sunan kamfani, da darajar ƙungiyar ta tashi in ta koma babban birni. Kujerun wayam ɗin nan hoto ne kawai da yake nuna wa 'yan jarida in lokacin tafiya ya yi.

Ummi Reds: Dan Allah Malam ni abin da ban gane ba tun farko, ta yaya ma mutum zai ɗauke ƙungiya sukutum? Ba za a hana shi ba? Kamar ace a wayi gari an ce Liverpool ta koma Landan, ai hankali ma ba zai ɗauka ba.

Injiniya Tukur: Ummi tsarin ne daban. A Turai ƙungiya tana hawa tana sauka, in gari yana son ƙwallo sai ya kafa tasa ta fara daga ƙasa tana hawa har ta kai, in ta yi sakaci ta faɗa 'yan dagaji. A NFL babu hawa babu sauka, kujera 32 ce a rufe, babu yadda za ka shiga sai ko an ƙara ƙungiya ko ka janyo ta wani gari. Kinga kenan kullum akwai garuruwan da suke jin yunwar ƙungiya, kuma wannan yunwar ita ce makamin masu ƙungiyoyi, sai mutum ya je wa magajin gari yace ku gina min fili ko in tafi ga wasu can suna jirana. Izinin tashi kuma ba magoya baya ke bayarwa ba, 'yan uwansa masu ƙungiyoyi ne suke ƙuri'a, in 24 cikin 32 sun yarda an gama, kuma su ma suna da rabonsu a cikin kuɗin ƙaura da yake biya.

Baba Isyaku: Ku yara ba ku san labarin Baltimore ɗin ba ma, ita ma an yi mata. Ƙarshen watan Maris 1984 cikin dare aka kawo manyan motocin kwasar kaya na kamfanin Mayflower aka loda komai na ƙungiyarsu Colts aka nufi Indianapolis, mutane suka wayi gari babu ƙungiya. Mai ita Robert Irsay ya ji majalisar jihar Maryland na shirin dokar da za ta ba birnin damar karɓe ta, shine ya riga su. Bayan shekara 12 sai ga Baltimore ɗin ta yi wa Cleveland irin abin da aka yi mata. Abin yana ba ni takaici har yanzu.

Kamal Madrid: Sadiq tunda kai ɗan Arsenal ne ya kamata ka fi kowa sanin wannan, maigidanku Stan Kroenke shine ya ɗauke Rams daga St. Louis ya mayar da ita Los Angeles a 2016.

Sadiq Gunners: Na sani Kamal, kuma shine ma hujjata. A shekarun ƙarshe filin St. Louis ai yana cikin na ƙasa-ƙasa wajen 'yan kallo, kowa ya gani. Ya koma Los Angeles ya gina filin SoFi da kuɗin da ya haura dala biliyan 5, ba gwamnati ce ta gina masa ba, kuma a Fabrairun 2022 suka ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, a cikin filin nasu. Ina laifinsa?

Malam Bashir: Ka tambayi kanka me ya kori mutanen. Daga 2007 zuwa 2011 Rams ta buga wasa 80 ta ci 15 kacal, aka doke ta sau 65, akwai kakar da wasa ɗaya tak ta ci. Mutanen nan su ne suka cika fili lokacin gwarzon ɗan wasansu Kurt Warner da suka ɗauki kofi a farkon 2000, ba wasu aka canzo ba. Sannan tun 2014 labari ya fita cewa Kroenke ya sayi fili a Inglewood, kowa ya san inda aka dosa. Za ka ce wa magidanci ya cire kuɗin gidansa ya sayi tikitin kaka guda na ƙungiyar da ba ta cin wasa kuma mai ita ya riga ya ɗaure kaya? Kuma duk da haka birnin ya fito da shirin sabon fili a bakin kogi da kuɗin jama'a a ciki, ba a saurare su ba. Sun kai ƙara kotu, a 2021 Kroenke da NFL suka yarda suka biya dala miliyan 790 aka kashe maganar kafin a shiga shari'a. Wanda yake da gaskiya tsantsa ba ya biyan irin wannan kuɗin Sadiq.

Nura Blues: Malam amma fa akwai inda rashin 'yan kallon ne da gaske. Chivas USA ta Los Angeles a gasar MLS, wato gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, rufe ta aka yi gaba ɗaya a 2014 saboda babu mai zuwa. Jacksonville Jaguars ta NFL kuma a 2005 suka rufe kujeru kusan 10,000 da tamfol don kar a ga fanko, a 2009 wasanninsu na gida 7 cikin 8 ba a nuna su a talabijin a garin ba saboda tikiti bai ƙare ba. Wannan ba sharri aka yi musu ba.

Ummi Reds: Ban gane ba, in tikiti bai ƙare ba sai a hana nunawa?

Injiniya Tukur: Eh tsohuwar doka ce ta NFL tun 1973, in ba a sayar da tikiti duka ba awa 72 kafin wasa sai a toshe nuna shi a garin da kewayensa, wai don a tilasta wa mutane zuwa fili. An dakatar da ita a 2015. Ni a ganina ta fi yin ɓarna ma, domin yaron da bai taɓa ganin ƙungiyar garinsu a talabijin ba ta yaya zai so ta har ya girma ya sayi tikiti? Ingila ma tana da irin tata amma ta wata fuska, ba a nuna wasa kai tsaye ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don a kare ƙananan ƙungiyoyi kar kowa ya zauna gida yana kallon manya.

Malam Bashir: Nura na yarda da kai a kan Chivas USA, mutane sun gudu, amma ita ma ka duba yadda aka tafiyar da ita, an kafa ta kamar reshen Chivas ta Guadalajara, tana haya a filin LA Galaxy, shugabanci ya taɓarɓare. A wannan garin dai aka kafa LAFC ta fara wasa a 2018 kuma fili yake cika. Garin bai canza ba. Jaguars kuma gata nan har yau a Jacksonville ba ta tashi ba, duk da shekarun da aka yi ana cewa Landan za ta koma tunda Shahid Khan mai Fulham ya saye ta ya fara kai wasan gida ɗaya Wembley daga 2013. In da kujerun fanko ne ke ɗauke ƙungiya ai da tuni ta tafi.

Baba Isyaku: Ummi kin ce hankali ba zai ɗauka ba a Ingila, toh an yi 'yata, kuma ni wannan labarin shi ya fi taɓa ni. Wimbledon ƙaramar ƙungiya ce daga kudu maso yammacin Landan da ta taso daga gasar da ba ta ƙwararru ba har ta kai rukunin farko, a 1988 ta doke Liverpool ɗinku 1-0 a wasan ƙarshe na kofin FA, Lawrie Sanchez ya ci da ka, mai tsaron gida Dave Beasant ya kaɗe fenaritin John Aldridge. Bayan turmutsitsin da ya kashe 'yan kallo a filin Hillsborough aka ce dole manyan filaye su zama na kujeru zalla, filinsu Plough Lane ƙarami ne kuma tsoho, sai a 1991 aka kwashe su aka kai Selhurst Park suna zaman haya a gidan Crystal Palace, aka ce na ɗan lokaci ne, na ɗan lokacin nan sai da ya haura shekara 10. Toh mutane suka ragu mana, ba unguwarsu bace ba filinsu bane. A Janairun 1993 suka buga da Everton mutum 3,039 ne suka shiga, har yau shine mafi ƙaranci a tarihin Firimiya in ka cire lokacin korona. Daga nan sai aka riƙe wannan a matsayin hujja, wai ba su da magoya baya. Suka faɗa 'yan dagaji a 2000, a watan Mayun 2002 wani kwamiti na mutum uku da hukumar FA ta kafa ya yarda biyu da ɗaya a kai su Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90. Suka koma a 2003, a 2004 aka canza suna zuwa MK Dons aka canza riga aka canza tambari.

Sadiq Gunners: Toh Baba ai ka faɗa da bakinka, mutum 3,039 a Firimiya. Wa zai riƙe ƙungiya da haka?

Baba Isyaku: Bari in ƙarasa ɗana. Mutanen da aka ce babu su ɗin nan, a wannan bazarar ta 2002 suka haɗu suka kafa AFC Wimbledon, suka kira gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na unguwa duk mai iya taka leda ya zo, suka fara daga mataki na tara. Tun a can ƙasa dubbai ke zuwa kallonsu, sau da yawa ma sun fi waɗanda ke zuwa kallon tsohuwar ƙungiyar da ke shirin tafiya. A 2011 suka doke Luton a bugun fenariti suka dawo gasar ƙwararru, shekara 9 kenan. A Nuwamban 2020 suka koma sabon fili a Plough Lane ɗin dai, kuma da kuɗin da magoya baya suka ranta wa ƙungiyar aka cike gibin ginin. Ita kuwa MK Dons tana da fili mai kujeru wajen 30,000, yawancin wasanninta ko rabi ba ya cika. An gudu daga kujerun fanko an je an gina wasu da suka fi su yawa.

Anti Zainab: Allah Ya saka Baba. Ni abin da nake so in ƙara, Sadiq kana magana kamar zuwa kallo kyauta ne. Uba mai yara uku in zai kai su wasa ɗaya, ga tikiti ga mota ga wajen ajiye ta ga abin da yara za su ci a ciki da tsadarsa, wani wajen kuɗin sati guda ne na cefane. Sannan a sa wasa daren Litinin ko a canza masa rana saura kwana kaɗan saboda masu talabijin, mutumin da zai tashi aiki da asuba ya yi yaya? Su da kansu suka sayar da lokacin wasa ga talabijin suka karɓi kuɗi, sannan su juyo su ce mutane ba sa zuwa. A Fabrairun 2016 magoya bayan Liverpool dubbai suka fice daga Anfield a minti na 77 suna wasa da Sunderland saboda an ce za a kai wasu tikitoci fam 77, cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye. A shekarar ne kuma aka ƙayyade tikitin baƙi a Firimiya kar ya wuce fam 30. Wani lokacin rashin zuwan shine kaɗai hanyar da talaka yake da ita ta yin magana.

Sadiq Gunners: Anti wannan gaskiya ne amma takobi ne mai kaifi biyu. Ka ƙaurace don ka nuna fushi, shi kuma ya ɗauki hoton kujerun ya kai wa hukuma yace kun gani ba sa so. Ni har yanzu ina kan bakana cewa in kana son ƙungiyarka ta zauna toh jikinka a fili ya fi rubutu a intanet. Mai ƙungiya azzalumi ne ko ba azzalumi ba, kar ka miƙa masa hujja da hannunka.

Kamal Madrid: A nan kam ina bayan Sadiq.

Malam Bashir: Wannan maganar taka ta biyun tana da ƙarfi Sadiq, ban musa ba. Abin da nake ƙi shine a juya tarihi a sa ƙarshe a farko. Houston Oilers, mai ita Bud Adams ya ƙulla da Nashville tun 1995 amma ƙungiyar ta ci gaba da wasa a Houston a 1996, mutane suka daina zuwa, wasan ƙarshe ko 20,000 ba su kai ba a filinsu Astrodome. Yanzu wani zai ɗauko hoton wannan ranar yace shi ya sa suka tafi, alhali tafiyar ce ta jawo hoton. Da suka tashi a 1997 aka ajiye su Memphis na wucin gadi nan ma ba kowa, don mutanen Memphis sun san ba tasu bace. Houston kuwa da aka ba ta sabuwar ƙungiya Texans a 2002 fili ya dinga cika shekara da shekaru.

Injiniya Tukur: Chargers ma haka. Tun 1961 suke San Diego, a Nuwamban 2016 aka kai wa mutanen gari ƙuri'a a ƙara harajin otal don gina fili, kashi 43 cikin 100 suka yarda ana buƙatar biyu bisa uku, watan Janairun 2017 mai ƙungiyar Dean Spanos yace ya tafi Los Angeles. Suka yi kaka uku a wani ƙaramin filin ƙwallon ƙafa a Carson mai kujeru wajen 27,000, kuma ko shi ɗin magoya bayan baƙi ne ke cika shi, 'yan wasa suna gida amma ihun da ake yi na abokan hamayya ne. Yanzu suna zaune a SoFi na Kroenke. Raiders kuma Las Vegas ta ba su dala miliyan 750 daga harajin otal suka bar Oakland a 2020, Oakland ɗin da magoya bayanta suka yi suna wajen zafin kishi. Duk ukun nan, Oilers da Chargers da Raiders, maganar fili ce da wanda zai biya.

Nura Blues: Toh in fili ya yi wa mutane yawa ko ya tsufa mene ne mafita in ba tashi ba?

Kamal Madrid: Juventus mana. Tsohon filinsu Delle Alpi da aka gina don kofin duniya na 1990 yana ɗaukar kusan 70,000, ga hanyar tsere ta raba 'yan kallo da fili ba ka ganin komai sosai, ƙungiya mafi yawan magoya baya a Italiya amma fili rabi fanko har a wasu wasannin Turai. Ba su ce Turin ba ta son ƙwallo ba, rushe shi suka yi suka gina na kujeru 41,000 a wajen suka buɗe a 2011, kujeru dab da layi, sai ga shi yana cika. Matsalar ginin ce.

Ummi Reds: Jamus fa? Kullum in ana nuna Bundesliga fili a cike.

Malam Bashir: Jamus suna da dokar 50+1, mambobin ƙungiya su ke da rinjayen ƙuri'a, attajiri zai iya zuba kuɗi amma ba zai iya ɗaukar ta ya tafi ba, akwai 'yan ƙungiyoyin da aka keɓe amma yawanci haka ne. Sun bar wajen tsayuwa mai araha, Dortmund tana ɗaukar sama da 81,000, kusan 25,000 a tsaye suke a bango mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Da aka kawo wasan daren Litinin suka yi ta bore har aka soke shi, a Fabrairun 2024 kuma da ƙwallayen tanis da suke jefawa cikin fili suka sa hukumar gasar ta fasa sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin. Mutum in ya san abu nasa ne zai zo. A Amurka ma Green Bay gari ne da mutanensa ba su fi 110,000 ba, filin Lambeau yana ɗaukar wajen 80,000 kuma tun 1960 tikiti ke ƙarewa, masu hannun jari sun haura 500,000 kuma ba riba suke karɓa ba. Sai dai dokar NFL ta hana wata ƙungiya ta sake bin wannan tsarin, ita kaɗai aka bari saboda ta riga dokar.

Baba Isyaku: Kuma kar ku ɗauka Amurka da Ingila ne kawai. Mexico a 2020 ana tsakiyar korona aka ɗauke Monarcas daga Morelia bayan shekara 70 aka kai Mazatlán inda gwamnatin jiha ta gina sabon fili. Afirka ta Kudu a 2021 aka sayar da gurbin Bloemfontein Celtic aka mayar da ita Royal AM a KwaZulu-Natal, Celtic ɗin da duk ƙasar an san babu masu waƙa da cika fili kamar magoya bayanta masu kore da fari.

Sadiq Gunners: Toh akwai inda magoya baya suka taɓa hana tafiyar kuwa? Ba wai su kafa sabuwa bayan an tafi ba, a'a su hana tun farko.

Injiniya Tukur: Akwai, Columbus Crew ta gasar MLS. Oktoban 2017 mai ita Anthony Precourt yace zai kai ta Austin in ba a samu sabon fili a tsakiyar gari ba, hujjarsa kuma irin taka ce, 'yan kallo sun yi ƙasa kamfanoni ba sa tallafawa. Magoya baya suka tashi da gangamin Save The Crew, suka tara alkawuran sayen tikitin kaka daga dubban mutane don nuna wa duk mai son saye cewa akwai kasuwa. Abin da ya taimake su sosai wata doka ce da jihar Ohio ta yi a 1996 saboda zafin abin da Modell ya yi, tace ƙungiyar da take wasa a filin da kuɗin jama'a ya shiga ba za ta tashi ba sai ta ba da sanarwar wata shida kuma ta ba mutanen yankin damar saye. A Maris 2018 jiha da birni suka shigar da ƙara da ita, abin ya ja lokaci har iyalan Haslam masu Browns da likitan ƙungiyar Pete Edwards suka karɓe ta a farkon 2019. Shi Precourt aka ba shi sabuwa Austin FC. Crew ta ci kofin MLS a 2020 da 2023, ta buɗe sabon fili mai kujeru wajen 20,000 a 2021.

Sadiq Gunners: Kaga kenan sai da suka sa hannu a aljihu. Abin da nake faɗa kenan.

Anti Zainab: Sun sa, amma ba don dokar nan da kotu ba da ko sun sa an tafi. Kuma ni akwai abin da yake damuna da ba wanda ya taɓo, ko an hana tafiyar wa ke biya? Jacksonville da Malam yace ba ta tashi ba, a 2024 majalisar birnin ta amince ta zuba dala miliyan 775 a gyaran filin don Jaguars ta sa hannu ta zauna shekara 30. Kuɗin harajin kowa ne, har da tsohuwar da ba ta taɓa kallon wasa ba, a ba wa ƙungiyar biloniya, filin da wasan gida bai kai 10 ba a shekara. Mutanen San Diego da suka ce a'a ni ban ga laifinsu ba wallahi, ko da sun rasa ƙungiyar.

Nura Blues: Anti amma fili yana kawo aiki da baƙi da kasuwa ga gari ai, ba asara bace zalla.

Injiniya Tukur: Nura wannan ita ce maganar da ake faɗa duk lokacin da ake neman kuɗin, amma masana tattalin arzikin da suka bi diddigin filayen nan shekara da shekaru kusan bakinsu ɗaya cewa abin da gari yake samu bai kai abin da ya zuba ba. Yawancin ayyukan na ranar wasa ne kawai, kuɗin da mutum ya kashe a fili kuma da ma a garin zai kashe shi a wani wajen. In gari zai biya ya biya don yana son ƙungiyar, wannan dalili ne mai kyau, amma kar a ce masa riba zai ci.

Ummi Reds: Injiniya toh ita yarjejeniyar shekara 30 ɗin tana ɗaure su da gaske? Ba za su iya tsallakewa ba?

Injiniya Tukur: Ya danganta da abin da aka rubuta a ciki Ummi. St. Louis ma ai shekara 30 suka sa hannu da Rams a 1995 a kan rufaffen filin da suka gina da kuɗin jama'a, amma saboda ɗokin samun ƙungiya suka yarda da wani sharaɗi cewa dole filin ya kasance cikin kashi ɗaya bisa huɗu na sama a duk filayen NFL, za a duba bayan shekara 10 da kuma bayan 20. Kafin lokacin ya zo wasu garuruwa sun gina na biliyoyi. A 2013 masu sasanci suka goyi bayan gyaran da Rams ta nema na wajen dala miliyan 700, hukumar filin tace ba ta da shi, sai yarjejeniyar ta koma ta shekara-shekara, daga nan ƙofa ta buɗe. Rams ta tafi a 2016, su kuma birni da gunduma da jihar Missouri suka ci gaba da biyan bashin ginin har 2021.